Shekarar Da Na Yi Aikin Buzuzu

Da sunan Sarkin da ya yi giwa ya yi kiyashi, ya ba kowanne bakin da zai ci da shi. Wanda ya yi ruwa ya zuba kifi, ya yi tudu ya kafa kuka, ya kuma yi ni Jatau ya haɗa ni da Shekarau don kada in samu sukuni a duniya. Ku gyara zama. Wanda ya gaskata ya huta, wanda ya ƙaryata ya matso ya shinshina tafin hannuna, har yau warin bai gama fita ba.

Shekarau taubashina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, uwarsa ƙanwar ubana ce. Kun ga bisa al'ada bawana ne, ni ubangidansa. To amma tun muna yara wannan bawa bai san matsayinsa ba. In muka je kamun fara, tasa ta fi tawa ƙiba. In muka shuka gero rana ɗaya, nasa ya yi kai kamar damtsen ɗan dambe, nawa kamar jelar ɓera. Akuyarsa tagwaye take zubawa, tawa sau ɗaya ta haihu, shi ma ɗan da ido ɗaya ya zo. Ni ban ce ina hassada ba. Abin da na sani kawai, in na ji an ce "Shekarau ya samu", sai wani abu ya tokare ni a nan, ƙasan haƙarƙari, kamar na haɗiye ƙwallon goruba.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, rumbuna suka yi sauƙi. Sai ga wani falke ya sauka a garinmu, ya ba da labarin wani tsibiri a bayan Baƙin Ruwa, wai shi Tsibirin Dunƙule. Ya ce akwai wata bishiya a can, cika-tumbi, ɗanta kamar ƙwaryar fura, guda ɗaya ya ishi gida mai mutum goma yini guda. Shekarau ya buga ƙirji ya ce zai je ya samo irinta.

Ni ban da niyyar zuwa ko'ina. Sai da na kishingiɗa na auna abin. Ga Shekarau ya dawo da iri, gari ya fita tarba, maroƙa na kiran sunansa, ni ina can baya ina riƙe masa jaki. Washegari na riga shi ɗaure kaya.

Matata Tasalla ta tsaya tana kallona. "Malam, ilimi za ka nemo ko arziki?"

"Shekarau zan tsare."

"To, Allah ya tsare shi," in ji ta.

Kwana arba'in da ɗaya muka yi muna tafiya. Ba zan gajiyar da ku da duka ba, amma Dajin Ƙaya sai na faɗa. Itatuwan dajin nan ƙayarsu kamar ƙahon sa, kowace ƙaya kuma ɗaki ce, tururuwa na ciki, tururuwa kamar 'yan awaki. Itacen yana tsatso musu wani ruwa mai zaƙi suna sha, su kuma duk abin da ya taɓa ganyensa, ko giwa ce, sai sun ga bayanta. Ni ina na sani? Na miƙa hannu na karyo ɗan reshe zan yi asuwaki. Kafin in kai shi baki daji ya ɗauki sauti kamar ana sussuka. Muka zura. Da na ji sun kusa kama mini dunduniya, sai na kwance jakar mazarƙwailata, guzurina kaf, na watsa musu. Suka tsaya rabo, mu muka sha. Dabarata ce ta cece mu, amma ku ji inda ta kai ni. Sauran tafiyar a hannun Shekarau na ci abinci, yana gutsuro mini yana cewa, "Ungo, ubangida, a ci a hankali kada a ƙware."

Baƙin Ruwa ba a hango ƙetarensa, kuma babu jirgi babu kwalekwale. Muna zaune a gaɓa sai muka ga wani tudu na tahowa a kan ruwa, da balbelu fari fat a bisansa. Ashe kififiya ce, bayanta ya kai filin idi. Ta ɗora wuya a kan yashi, balbelun suka bi wuyan suna tsince mata matsattsaku, ita kuwa ta lumshe ido kamar maigida a hannun wanzami. Muka hau. Ba ta nemi komai a wurinmu ba. Da na san abin da ake ba ta a dawowa, da a nan na yi sallama da Shekarau.

Wadda ta tarbe mu a tsibirin wata tsohuwa ce, Inna Dudu, ita ke raba wa baƙi gona. Muka same ta zaune ƙarƙashin wata raga da aka ɗaure tsakanin itatuwa biyu, ƙulle-ƙullen jikinta sun fi gashin kai yawa.

"'Ya'yan nan, iri kuka zo nema?"

"Shi ne, Inna," in ji Shekarau, har da durƙusawa. Ni ma na durƙusa, na fi shi yin ƙasa.

"Kowa shi ke kawo shi. Kai mai jan ido, ja ƙulli ɗaya mu gani."

Na kama ɗaya na ja. Ragar gaba ɗaya ta girgiza, ƙura ta zubo mini a fuska.

"Wannan da ka ja ƙadangare ne," in ji ta. "Duk mai rai a tsibirin nan da ƙullinsa a jiki. To ku ji dokarmu, biyu ce tak. Ta fari, kififiya sau ɗaya take zuwa a shekara, bayan damina, kuma ba ta fitar da kowa sai wanda ya ba ta cika-tumbi goma daga gonarsa. Za ta shinshina 'ya'yan, ta shinshina hannunka. In ba su dace ba, ta nutse ta bar ka. Ta biyu, gonar da zan ba ku da ma'aikata a cikinta. Ba ni na ɗauke su ba, ba ku za ku sallame su ba. Wanda ya kori ma'aikaci, shi zai ɗauki aikinsa har ranar da mai aikin ya dawo."

Na waiwaya dama na waiwaya hagu, ban ga ma'aikaci ko ɗaya ba. Na ce a raina tsufa ne, babu laifi.

A hanyarmu ta zuwa gona muka wuce wani dattijo tsugune a bakin kududdufi, gemu har ƙirji, yana ta tafi a iska.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Sunana Anaruwa. Kwaɗi na kora, sun hana ni barci. Shekara goma sha tara ke nan." Ya tafa, ya kashe sauro guda, ya jefa a ƙwarya.

Na yi dariya har na riƙe ciki. Wannan dariyar ta jira ni a gaba.

Aka ba mu gonaki biyu, shinge ɗaya tsakani. Kowace da cika-tumbi bakwai, da saniya biyu, da ɗan kududdufi, da bukka. Na zagaya tawa na zagaya tasa har da taku, daidai suke. Amma wata ɗaya da faɗuwar ruwa, in na leƙa ta shinge sai in ga ganyen Shekarau ya fi nawa duhu.

"Kai bawa, me kake zuba musu?"

"Ba komai, ubangida. Kwanciya nake yi."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Ni ina ta shara ina ta noma, gumi har ido, shi yana miƙe a inuwa da hula a fuska. Na zauna na duba gonata da kyau. Ga kashin shanu ko'ina, buzuzu na ta mirgina shi da baya kamar wanda aka sa wa ranar biki. Ga gidan rina a wani busasshen reshe, sau uku suna harbina, na ƙarshe a leɓe. Ga wata mesa a cikin tsohon suri bayan bukka, tsawonta ya kai igiyar guga. Na ce, a'a, ashe son kai tsohuwar nan ta yi, ta ba ni gonar tarkace. Ban tsaya na duba ko shi ma yana da irinsu ba. Ganyensa kawai idona ke gani.

Sai dabara ta faɗo mini, irin wadda in ta zo wa mutum har tafin ƙafarsa yake jin daɗi. Me zai hana in kwashe wannan tsiya in kai wa mai ganye?

Na fara da kashin shanu. Kullum da safe in Shekarau ya tafi wanka, sai in cika kwando in juye masa ta kan shinge. Ina dariya ina rufe baki. Buzuzu kuwa inda abincinsa ya nufa nan ya nufa. Kwana bakwai babu ko ɗaya a wajena, gona ta yi fes kamar ɗakin amarya.

Na biyu rina. Na jira ranar da iska ke kaɗawa wajensa, na tara ɗanyen haki ƙarƙashin reshen na sa wuta. Hayaƙi ya turnuƙe su, suka tashi kamar baƙin hadari suka haye shinge. Na sare reshen na dafa wake da shi. Ban taɓa cin wake mai daɗinsa ba.

Na uku ita ce mai girma. Na sami mesa ta haɗiye wata ƙatuwar gafiya ta miƙe a rana tana barci, ko motsi. Na lallaɓa na mirgina ta a kan ƙirgi, na ɗaura wa saniya igiya, muka ja ta har ƙofar bukkar Shekarau. Na dawo na rushe surin, na ƙone ciyawar da ke gefensa, sannan na laɓe a shinge ina jiran ihu.

Ya dawo daga wanka ya tsaya a kanta. Ya dube ta daga kai har wutsiya. Can na ji ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah." Ya je ya kwaso duwatsu ya tara mata a inuwa.

Na ce tsoro ne ya ruɗa shi. Bari dai a ga ƙarshe.

Aka kuwa gani. Ƙasar gonata ta fara taurare kamar daɓe. Da can buzuzu ke haƙa ramuka yana binne kashi a gindin itace, ruwan sama ya bi ramukan ya shiga ƙasa. Yanzu in an yi ruwa sai ya gangare ta ƙarƙashin shinge ya tafi, kun san wajen wa. Ganye ya fara rawaya. Wanda bai yi rawaya ba tsutsa ta hau shi, ashe ita rina ke kwasa tana kai wa 'ya'yanta. Fure ya fito, jawur, kowanne kamar ludayi, ya yi kwana uku ya kaɗe ba ɗa ko ɗaya. Ɓeraye kuwa, tunda suka ji babu mesa, sai suka yi aure suka yi suna a gonata. Suka ci saiwa, suka ci igiyar shanu, wani mara kunya ya ɗanɗana mini babban yatsa ina ƙailula.

A ɗaya gefen shinge kuwa ma'aikata sun zama ninki biyu. Ganyen Shekarau ya yi duhu har yana sheƙi. 'Ya'ya suka sauko kamar an rataye tulu.

Rannan Shekarau ya jingina da shinge yana sakace.

"Na gode da aike, ubangida. Dama an ce hassada ga mai rabo taki ce, amma ban san har a kwando ake kawo ta ba."

Yana rufe baki sai ga Inna Dudu tafe da sanda da 'yar wuƙa. Ba ta yi faɗa ba. Ta taka ƙasa da dunduniya ta ji taurinta, ta ɗaga ganye ta ga tsutsa, ta dubi inda suri yake a da.

"Ƙulli uku sun kwance a kusurwarka, ɗan nan. Raga ba ta zama da ɓuli."

Ta kama bakin rigata ta yanki ƙyalle uku.

"Wannan na buzuzu, wannan na rina, wannan na mesa. Zan ɗaura su a gurbinsu. Gobe da safe ka fara."

"Inna, ukun duka? Baba Anaruwa ma ɗaya yake yi."

"Shi ɗaya ya kora."

Jama'a, na yi aiki a duniya, amma ban san aiki ba sai a wannan shekarar. Da safe in bi shanu, in dunƙula abin da suka ajiye da hannuna, in haƙa rami a gindin itace in binne. Da hantsi in ɗauki gashin kaza in hau bishiya. Inna ce ta nuna mini: rina in ta shiga fure shan zaƙi, sai ta fito da wani gari a jikinta, ta kai shi furen wata bishiyar, ta haka ɗa ke kamawa. Kuma dole na wata bishiyar, fure ba ya karɓar garin gidansu. To ni sai in shafo a wannan, in sauko, in hau waccan in shafa. Rina kafin hantsi ta gama bishiya bakwai. Ni in na yi reshe huɗu rana ta take. Ina saukowa in hau tsintar tsutsa. Da la'asar in kwanta rub-da-ciki a bakin ramin ɓera da sanda a hannu. Mesa sai ta yi kwana da kwanaki a kwance ba ta gaji ba, ni in na ɗan jima sai barci ya kwashe ni, su fito su bi ta kan bayana.

Wata rana na leƙa ta shinge na ga wani ɗan buzuzu, bai kai ƙwallon dabino ba, yana tura dunƙulen da ya ninka shi biyar, a mulmule sumul, ba gumi ba nishi. Na dubi nawa, duk a karkace. Wallahi sai na ji abin nan ya tokare ni ƙasan haƙarƙari. Har buzuzu na yi wa hassada.

Damina ta wuce. Da duk wahalar nan 'ya'ya biyu suka kama, ɓeraye suka riga ni. Kififiya ta iso gaɓa da balbelunta. Shekarau ya fito da kwanduna cike, ni na fito da hannu biyu da gashin kaza a bayan kunne. Na hango Baba Anaruwa can nesa yana tafi, na ƙirga goma sha tara a raina, na ga kaina da gemu har ƙirji, Tasalla ta tsufa tana jira, ko ma ba ta jira ba.

"Tafi mana," na ce wa Shekarau. "Ka gai da Tasalla. Ka ce ina nan, an ba ni sarauta."

Ya dubi kififiya, ya dube ni. Sai ya sauke kwandon ya zauna a kan yashi.

"In na koma ni kaɗai me zan ce wa Kawu? In ce na baro ɗansa yana mirgina kashi? Kuma ka san Allah, kallon nan da nake sha kullum da safe, ko a fada ba a samunsa. Shekara ɗaya ba ta ishe ni ba."

Muna zaune har kififiya ta gaji ta juya. Ya kamata in gode masa. Amma abin da ya zo mini shi ne, wato har a kirki ma sai bawan nan ya fi ni.

Na ce bana dole ma'aikata su dawo. Na tsallaka shinge na tsinto buzuzu cike da kwando na juye a gonata. Kafin azahar sun koma. Na je wajen mesa da ƙirgi, ta buɗe ido ɗaya ta yi mini wani huci, na ce yi haƙuri, gaisuwa na zo. Rina kuwa ban ma gwada ba, leɓena bai manta ba.

Na je na zube gaban Inna Dudu.

"Inna, na roƙe su sun ƙi."

Ba ta ɗago daga ƙullin da take yi ba. "Ɗan nan, in aka kore ka daga gida, aka rushe ɗakinka, aka kife tukunyarka, sannan aka ce ka dawo, ina za ka kwana? Me za ka ci?"

Na dawo ina tauna maganar. Washegari na yi abin da ya fi komai yi mini wuya, na ajiye tsintsiya. Na daina binne kashin da ke kusa da shinge, na bar shi ɗanye a inuwa, har ina yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Na samo busasshen reshe na kafa inda wancan yake. Na ware bishiya ɗaya na bar wa tsutsa, ina kallo tana cin ganye raina na ƙuna, don in rina ta zo ta tarar da abinci. Na kwaso duwatsu na tara a gurbin suri, na bar ciyawa ta rufe su. Gona ta koma tarkace kamar ranar da aka ba ni ita.

Shekarau ya leƙo. "Ubangida, yau ba shara?"

"Kwanciya nake yi."

Buzuzu ya fara dawowa, kwana tara. Ɗaya ne, ƙarami, ya ratso ta ƙarƙashin shinge. Na durƙusa na yi masa maraba kamar surukina. Bayan shi sai 'yan'uwansa. Rina sai da aka yi wata biyu, rannan na ji zuuu a kan reshe, ta zo ta harbe ni a kunne, na ce alhamdulillahi. Mesa ce ta ƙi. Ta yi ƙiba a wajen Shekarau, ta ga ba ta da dalilin tashi. Na ci gaba da kwanciya a bakin rami har tsakiyar damina. Ashe ta yi ƙwai a cikin duwatsunsa. Da suka ƙyanƙyashe wuri ya yi musu kaɗan, ga kuma ɓera a wajena kamar a bakin rumbu. Biyu suka sulalo suka shige duwatsuna. Shi uwar, ni 'ya'yan. Ko a nan ma shi ya ɗauki babba.

Duk wanda ya dawo, Inna Dudu sai ta kwance ƙyalle ɗaya ta kawo mini. Na ɗinke su a rigar, tana nan a ajiye, wanda ke so ya gani.

Da kaka gonata ta ba da goma sha ɗaya. Ta Shekarau ta ragu, tunda rabin ma'aikatansa sun dawo gida, ya samu sittin da wani abu. Na ɗan ji sanyi. Na ware goma na kififiya, na fasa ɗaya a nan take don in san abin da na sha wa wahala. Ku haɗa zuma da nono da sabuwar gyaɗa, ku ba mutumin da ya shekara biyu yana jira. To haka.

Kafin mu tafi na biya wajen Baba Anaruwa. Na ce ya daina share bakin kududdufin, ya bar ciyawa ta fito, ya kuma rage tafin nan ya bar wa baƙi abin da za su ci. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, shekara ashirin da ɗaya ba wanda ya tsaya ya gaya mini, dariya kawai ake yi a wuce." Na sunkuyar da kai. Ranar da za mu bar tsibirin, muna wucewa na ji wani ƙaramin kwaɗo yana gwada murya a wajensa.

Kififiya ta shinshina 'ya'yana goma, ta shinshina hannuna. Ta daɗe a kan hannun. Ta yi atishawa, balbelu suka watse. Sannan ta buɗe baki ta karɓa.

Da ta sauke mu a gaɓar gida, kafin ta juya sai ta yi kashi, tuli guda kamar rumbu. Shekarau ya toshe hanci ya yi gaba da buhun irinsa, wanda ya wanke ya shanya fes. Ni kuwa shekara biyu ina wannan sana'a, ba na wuce kashi ban duba ba. Na ga ƙwallayen cika-tumbi a ciki, ɓawonsu ya yi laushi. Na bi gaɓa da ido, na ga duk inda ɗan tsiron cika-tumbi ya fito, a kan tsohon tulinta ne. Na ɓoye wa Shekarau abin da na gano. Na cika kwando na ɗora a ka. Kwana arba'in da ɗaya Shekarau na tafe nesa da ni, yana cewa sabo ya zame mini ciwo.

Muka iso gida. Shekarau ya raba iri gida-gida, maroƙa suka yi ta kiran sunansa. Aka shuka, aka jira. Ko ɗaya bai tsiro ba, ɓawon ya fi ƙarfin ƙasa, sai ya bi ta cikin kififiya yake buɗewa. Kwana uku ina zuwa yi masa jaje, ina cije leɓe kada murmushi ya fito. Ni kuwa cikin waɗanda na shuka a bayan ɗakina ɗaya ta tsiro, kore shar. Karo na farko tun da aka haife ni, Jatau ya samu, Shekarau bai samu ba.

Da a nan na tsaya da an ce na yi hankali. Sai Tasalla ta ce, "Malam, sauran abin nan na gindin kwando, ko ka fitar da shi ko ni in fita." Gidana da na Shekarau katanga ɗaya ce. Na ɗauki kwandon, na dubi katanga. Hannu ya riga ya saba. Na juye masa.

Ashe da sauran ƙwallo ɗaya a ciki. Ya faɗa daidai inda ruwan wankansu ke bi. Shekara uku tasa ta haura katanga tana yi wa tawa inuwa.

Ga kuma ƙarashen. Rinar garinmu ba ta san furen nan ba, ko kallonsa ba ta yi. Bishiya biyu ce tak a ƙasar, tawa ba ta haihuwa sai da garin tasa, tasa sai da garin tawa, kuma mutum ɗaya ne ya iya aikin. Duk shekara in fure ya fito sai in soke gashin kaza a bayan kunne, in hau tasa in shafo, in sauko in hau tawa, in sake komawa tasa, don in ban shafa mata ba baɗi ba ta yin fure. Shi yana ƙasa a kan tabarma da hula a fuska, yana cewa, "A kula da reshen hagu, ubangida, bara an tsallake shi."

Bana tawa ta yi ashirin da uku. Tasa kada ku tambaye ni. Na ƙirga, sau biyu ma, amma ba zan faɗa ba.

Iyakar abin da ƙafata ta taka da abin da hannuna ya dunƙula ke nan. Wanda ya ce ƙarya na shirga, ga gashin kaza ga bishiya, gobe da hantsi ya zo ya hau.